Makarantar "Intanashinal": Abin da Za Ki Bincika Kafin Ki Sayi Fom

Tambaya: Ɗana yana aji shida na firamare a nan Kaduna, shekararsa 11. Mahaifinsa ya ce a nemo masa makarantar intanashinal, ko Allah zai sa ya fita waje karatu nan gaba. Na zaga makarantu uku, kowace ta ba ni ɗan littafin talla mai sheƙi, kowace ta ce tsarin Ingila take bi, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗaya sau huɗu. Kaina ya ɗaure. Ta yaya zan gane ta gaskiya?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Kalmar nan da kike gani rangaɗe a allon ƙofa ba lambar yabo ba ce da wata hukuma ta rataya wa makaranta. Sau da yawa suna ne kawai mai makaranta ya raɗa, kamar yadda mai shago ke raɗa wa shagonsa. Na taɓa shiga wata makaranta mai azuzuwa shida a bayan gari, an jera tutocin ƙasashe a bakin ƙofa, har rana ta cinye launinsu. Na tambayi shugaban me ya mai da su ta ƙasa da ƙasa. Ya yi dariya ya ce akwai yara biyu 'yan Maraɗi a aji uku. Malaman wurin kuwa suna ƙoƙari, kuma yaran sun iya karatu. Sai dai manhajar Najeriya ce zalla suke koyarwa, iyaye kuma suna biyan kuɗin suna.

Akwai waɗanda suka ci sunan. Makarantar Amurka ta Abuja, wadda aka buɗe a 1993, tsarin Amurka take bi tun daga ƙasa har sama. Makarantar Marcel Pagnol ta Abuja tana ƙarƙashin tsarin Faransa. Charterhouse, tsohuwar makarantar Ingila, ta buɗe reshe a Legas a 2024. Amma mafi yawan waɗanda za ki tarar a Kaduna da Kano da Abuja gauraye suke yi: manhajar Najeriya, sannan a ɗora jarrabawar Cambridge a kai. Wannan ba aibi ba ne. Zan ma gaya miki cewa ga yawancin gidajenmu ita ce ta fi dacewa, in dai da gaske ake yin ta.

Shawarata ita ce ki faro bincikenki daga ƙarshe. Ki manta da wurin ninƙaya da motar makaranta mai sanyi tukuna, ki tambaya: ranar da yaron nan zai gama, wace takarda zai riƙo a hannunsa, kuma wace ƙofa take buɗewa?

A tsarin Ingila, yaro yakan rubuta IGCSE yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka, a ajin da suke kira Year 11, bayan kwas na shekara biyu. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba sai an zo gaɓar shi ne, IGCSE ita kaɗai ba ta shigar da yaro ajin farko na jami'ar Ingila. Sai ya ƙara shekara biyu ya yi A Level, ko ya yi shekara guda ta share fage. Jami'o'in Ingila da yawa kuma suna karɓar sakamakon WAEC mai kyau don shiga wannan shekara ta share fage. Wato yaron da aka kashe wa miliyoyi da wanda ya yi makarantar kuɗi ta talakawa ya dage suna iya haɗuwa a benci ɗaya. Ba ina cewa karatunsu ɗaya ba ne, IGCSE ta fi tilasta wa yaro yin tunani da rubuta bayani da kansa maimakon hadda. Amma ki san abin da kike saye. Don haka ki tambayi makarantun uku ko suna da ajin A Level, da kuma yara nawa ne a cikinsa bana.

Akwai kuma tsarin IB, wanda aka kafa a Janeba a 1968. Difilomarsa ta shekara biyu ce ga 'yan 16 zuwa 19: darussa shida, da doguwar maƙala ta bincike mai kalmomi har 4,000, maki mafi yawa 45, ana cin ta da 24. Tana da nauyi ƙwarai, kuma makarantun da ke da izinin yin ta a Najeriya ba su da yawa. Tsarin Amurka kuwa difilomar sakandare ce, yawanci a haɗa da jarrabawar SAT.

To, idan tafiyar ba ta yiwu ba fa? Wannan ce tambayar da nake so ki zauna da Alhaji ku tattauna ta cikin natsuwa. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Na san gidajen da suka yi shekaru suna tanadin jami'ar waje, rana ɗaya lissafin ya rushe, aka dawo ana neman Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero. A nan kuma ƙa'idar sananniya ce: JAMB, da kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi ga yawancin fannoni, a zama bai wuce biyu ba, kuma yaro ya kai shekara 16. Mai A Level yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, kamar mai IJMB, amma kowace jami'a da nata sharaɗin, musamman a fannin likitanci. Yaron da bai taɓa ganin salon tambayoyin JAMB ba kuwa yakan sha mamaki, ko da shi ne zakaran ajinsu. Shi ya sa nake fifita makarantar da za ta ba shi damar rubuta WAEC ko NECO tare da ta waje. Ki dai nemi ganin jadawalinsu, domin wasu sai wata uku ya rage suke tuna WAEC, su tara yara a yi ta cusa musu tsoffin tambayoyi.

Yanzu batun gane ta gaskiya. Ki fara da takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, ki ce a nuna miki, ba a gaya miki ba. Sannan duk makarantar da Cambridge ta yi wa rajista tana da lambar cibiya, ta Najeriya tana farawa da NG sai lambobi uku. Wasu ta hannun British Council suke yi wa yaransu rajista, wannan ma hanya ce sahihiya, amma su faɗa miki a sarari. IB tana da jerin makarantunta a shafinta na intanet, haka ma ƙungiyoyin tantance makarantu irin su CIS da COBIS. Aikin minti biyar ne a wayarki. Idan kika nemi lamba aka fara ce miki "ai muna kan hanya", ki gane cewa har yanzu ba su iso ba.

Wurin sakamako ne ake yi wa iyaye rufa-ido. Za a nuna miki hoton yara uku da suka kwashe A*, ko a ce kowa ya ci. Ki tambaya yara nawa ne a ajin, nawa aka yi wa rajista. Akwai makarantun da ke tace yara goma daga cikin arba'in su kai su jarrabawar, sauran a ce wa iyayensu ba su shirya ba, alhali kuɗi ɗaya kowa ya biya tsawon shekaru. Ga wani abin da ba kasafai ake bayyana wa iyaye ba: a darussa irin su Lissafi da kimiyya, IGCSE tana da takarda iri biyu, Core da Extended. Wanda aka saka a Core, ko ya amsa komai daidai, C ce ƙololuwar abin da zai samu. Makarantar da ke tsoron faɗuwa takan tura yara Core don lissafinta ya yi kyau, yaron da ke son injiniya kuma ya tashi da C a Lissafi. Ki tambayi wa ke yanke wannan hukunci, kuma ko ana shawartar iyaye.

Kada farar fatar shugaban makaranta ta ɗauke miki hankali, ba shi zai shiga aji ba. Malamin Lissafi da na Turanci su ne makarantar. Shekara nawa suka yi a wurin? Suna da rajistar hukumar malamai ta TRCN? An horar da su a kan manhajar da suke koyarwa? Inda malamai ke sauyawa kowane zango, akwai matsalar albashi ko ta shugabanci, kuma yaro ne ke kwana a ciki. Gani ya kori ji: ki koma ranar Talata da hantsi ba tare da kin sanar ba. Ki leƙa banɗaki. Ki shiga ɗakin gwaje-gwaje ki shafa kan tebur, in ƙura ta biyo yatsanki kin san na 'yan kallo ne. Ki ɗauki littafin rubutun wani yaro ki ga ko malami yana rubuta masa gyara ko maki kawai yake dangwalawa. In ta kwana ce, ki san wanda ke kwana kusa da yaran, da abin da ake yi in yaro ya kwanta ciwo da tsakar dare, da wanda yaro zai kai wa ƙara in wani babba ya takura masa.

Kuɗi kuma, kada ki yi lissafin zango ɗaya. Ki lissafa shekara shida ko bakwai, da kuɗin shiga, da na gine-gine, da yunifom, da littattafai, da mota, da abinci, da kuɗin jarrabawar waje wanda ke bin farashin fam, kuma kowane darasi da nasa. Ki tambayi sau nawa suka ƙara kuɗi cikin shekara uku da suka wuce. Cire yaro a tsakiyar kwas ɗin IGCSE ya fi rashin saka shi tun farko ciwo, domin zai koma wata manhaja ana dab da jarrabawa, ga kuma raɗaɗin rabuwa da abokai. Sannan ki duba ƙannensa. In gidan yana da ɗaki fiye da ɗaya, abin da aka yi wa wannan sai an yi wa na ɗakin can, in ba haka ba an shuka abin da zai daɗe yana tsiro tsakanin 'yan uba.

Saura abin da ba ya cikin littafin talla. Makarantun nan sukan tashi da yamma saboda wasanni da ƙungiyoyi, ga aikin gida, sai Islamiyya ta zama ta Asabar da Lahadi, daga nan a daina. Ki tambayi inda yara ke sallar Azahar, da yadda ake yi ranar Juma'a, in kuma za ki kai ƙanwarsa nan gaba, ki ji matsayinsu kan hijabi tun yanzu. Cambridge tana da darasin addinin Musulunci da na Larabci a IGCSE, saura ko makarantar ta ɗauki malamin. Haka ki tambayi matsayin Hausa a makarantar. Na ga yaro ɗan shekara 14 da kakarsa ta zo daga ƙauye, ya tsaya ƙiƙam ya ɗaga mata hannu, ta yi ta jero masa gaisuwa yana kallon uwarsa ta fassara. Tsohuwar ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa. Makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi "banakula" ba wayewa take nunawa ba. Tsarin IB ma da ake ji da shi yana buƙatar makarantunsa su tallafa wa harshen uwa. Wannan ɓangaren dai rabinsa a hannunki yake, a gida.

In kin koma, ki tafi da yaron, ki bar shi ya zaga, ki saurari abin da zai ce a mota. Lokacin tashi kuma ki ɗan tsaya a bakin ƙofa, ki nemi wata uwa da ɗanta ke ajin ƙarshe. Ki gaishe ta, ki tambaye ta nawa ta kashe bara duka-duka, da kuma ko malamin Fiziks da ya fara da su shi ne har yanzu.