Darasin Lafiya: Yadda Ciwon Haƙarƙari Ke Shiga Jikin Yaro

Jama'ar Sabon Birni da Isa, lokacin hunturu ne ciwon haƙarƙari ya fi kama yara. Likitoci suna kiransa nimoniya. Mutane da yawa suna cewa sanyi ne. A gaskiya ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, waɗanda ido ba ya gani. Babbarsu ita ce numokokas.

Wannan ƙwaya tana zama a hanci da maƙogwaro. Yara da yawa suna ɗauke da ita alhali lafiyarsu lau. Tari da atishawa ke yaɗa ta.

Yaya take shiga?

Jikin mutum an gina shi da 'yan ɗakuna ƙanana kamar saƙar zuma. Sunansu ƙwayoyin halitta. Na hanyar numfashi suna da 'yan gashi masu share datti. Ƙurar hunturu, hayaƙin kara da itace, da mura suna raunana gashin nan. Sai ƙwayar cuta ta gangara huhu. A jikinta akwai abubuwan kamu, tana maƙale wa ɗakunan kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Idan wurin ya kumbura, ɗakin da kansa yakan haɗiye ta, ta ratsa zuwa jini. Tana da riga mai santsi, don haka sojojin jini kan kasa riƙe ta. Ruwa da mugunya su cika huhu, numfashi ya gagara. In ta kai ƙwaƙwalwa, sai sanƙarau.

Alamomi

A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Akwai haɗari in ya kai:
60 ga jariri ƙasa da wata 2
50 daga wata 2 zuwa 11
40 daga shekara 1 zuwa 5

Haka kuma idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi shan nono.

Abin yi

A kai shi asibiti ranar da aka gani, tun da hantsi, kada a jira dare. Tsaga da ƙaho ba sa kashe ƙwayar. Idan an ba da amoksisilin, a shanye duka. Tun 2014 Najeriya ta fara rigakafin wannan cuta. Kyauta ne, a mako 6, 10 da 14 da haihuwa. A riƙa girki nesa da jariri.

Tambayoyi
1. A ina ƙwayar take zama?
2. Me ke raunana gashin hanyar numfashi?
3. Yaushe ake yin rigakafi?