Kafin Ka Ba Da Kafin Alƙalami

Ɗana, na samu labarin abin da kake tarawa ya fara kauri, har ka soma bin dillalai kallon gidaje. Na yi murna ƙwarai, Allah Ya sanya albarka. Duk magidancin da ya san faɗuwar gaban ƙarshen shekara a gidan haya, lokacin da mai gida zai aiko da saƙon ƙari ko na tashi, ba zai ga laifinka ba don ka ƙosa. Sai dai ƙosawar nan ita nake jiye maka, domin da ita ake cin mutane. Ka ba ni aron kunnenka.

Kuɗin da mai gida ya yanka ba shi ne kuɗin gida ba. Mu ɗauka an sallama maka a kan naira miliyan 20. Dillali yana jiran la'adarsa, wadda a wurare da yawa kashi 5 cikin 100 ce, miliyan 1 ke nan, kuma da wuya ka same shi shi kaɗai. Akwai wanda ya haɗa ka da shi, akwai mai riƙe da makulli, kowa yana sa ran a ga ƙoƙarinsa. Ka yanke maganar la'ada tun ba a shiga ciniki ba: nawa ce, kuma wa zai biya, kai ko mai sayarwa ko rabawa za ku yi. Bayan dillali sai lauya, wanda shi ma yawanci kaso yake yanka daga kuɗin gidan. Sai safiyo idan ana bukatar sabon awo. Sai ofishin ƙasa, inda za ka biya kuɗin bincike, da na neman amincewar gwamna, da na hatimi, da na rajista, kuma kowace jiha da nata ƙa'idar. Duk wannan ba ka taɓa gidan da hannunka ba tukuna. Ba a shiga tsohon gida ba tare da birkila da kafinta da mai gyaran wuta sun ci nasu ba, kuma ka ga yadda kayan gini suka koma: buhun simintin da ake saye ƙasa da naira dubu 5 a farkon 2023 ya haura dubu 10 a farkon 2024. Saboda haka shawarata, idan miliyan 20 ce a hannunka, gidan miliyan 16 za ka nema. Ragowar ba rara ba ce, tana da masu ita.

Na san za a ce maka ka ranto ka cike, ka sayi wanda ya fi girma. Ka yi hattara da bashin bankin kasuwa. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin 100, kuma bankuna a saman wannan suke ɗora nasu. Albashi ba ya ɗaukar irin wannan nauyi, ban da abin da addini ya ce game da riba. Akwai hanyoyin da suka fi sauƙi. Tun 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa ana zubawa, kuma bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya yana ba masu zubi rance a kan kashi 6, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Ka duba takardar albashinka, wataƙila an daɗe ana cire maka ba ka taɓa waiwayar haƙƙinka ba. Kashi 6 ɗin ma ruwa ne, don haka ka tambayi malaminka kafin ka sa hannu. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta yarda wanda ya yi zubin wata 60 ya ɗauki har kashi 25 na abin da ke asusunsa ya biya kasonsa na farko a lamunin gida. Ga bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, waɗanda ke sayen gida su sayar maka ko su ba ka haya har ka mallaka. Su ma ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka je gida ka kwana da lissafin. Idan biyan wata zai taɓa cefane da kuɗin makarantar yara, gidan ya fi ƙarfinka a yanzu, kuma babu abin kunya a ciki.

In da hali, ka ga gida da damina, cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. A lokacin ne lungu ke faɗin gaskiya. Ka duba inda ruwan tsakar gida yake bi ya fita, ka duba ko kwatar unguwa tana ja ko tana dawowa. A Kano unguwanni da yawa a kan kududdufin da aka cike da shara suke zaune, kuma ginin da ke kan irin wannan ƙasa yana nitsewa a hankali. Idan ka shiga ɗaki ka ga sabon fenti, ka tsuguna ka shafa bangon daga ƙasa zuwa gwiwa. In ka ji sanyi a tafin hannunka, ko fentin ya kumbura yana zubar da farin gari kamar kanwa, to rima ta kama ginin, kuma fenti ba ya maganinta. Ka ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a silin. Ka buɗe ƙofa ka rufe, in tana cijewa a sama wataƙila bango ne ya motsa. Ka tambayi inda aka haƙa shadda da tazararta da rijiya. Ka tafi da maginin da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba. Sannan ka koma kai kaɗai bayan isha'i, ka yi salla a masallacin layin, ka zauna da dattawan wurin. A nan za ka ji ko ana samun ruwa, ko ɓarayi suna damun su, ko gidan yana da rigima. Maƙwabci ba shi da la'ada a cinikin, shi ya sa maganarsa take da nauyi.

Yanzu ga inda nake so ka fi nutsuwa, maganar takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a. Abin da kai da ni muke riƙewa izinin zama ne, wanda takardar shaidar mallaka ke nunawa, yawanci na shekara 99, tare da kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Dokar ta ce ba a sayar da wannan izini ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Kada ka ɗauka wannan magana ce ta fatar baki. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida ɗungurungum saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Idan banki da lauyoyinsa sun yi asara a kan haka, ina ga kai?

Don haka idan aka nuna maka shaidar mallaka, kada kyan takardar ya ishe ka. Ka karɓi kwafi, ka ba lauyanka ya je ofishin ƙasa ya yi bincike: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan wanda ke cikin fayil, da ko an jinginar da gidan a banki, da ko an soke izinin, da bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Sunan da ke fayil ya zama shi ne na mutumin da ke zaune a gabanka. In ba shi ba ne, a nuna maka yadda gidan ya bi hannu hannu har ya iso gare shi, kowace gaɓa da takardarta. Wasu za su miƙo maka takardar wakilci su ce ta wadatar. Ba ta wadatar ba, izini ce ta yin aiki a madadin wani, ba ta mayar da gida naka. Safiyo kuma ya tabbatar turakun da ke ƙasa sun yi daidai da taswira, domin ana sayar da gida da takardar filin da ke kusa da shi. Ka bincika a hukumar tsara birni, KNUPDA idan a Kano ne, ko ginin yana da izini, kuma bai hau hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya nuna mana cewa filin da asalinsa na jama'a ne, na makaranta ko masallacin idi ko makabarta, ko da takarda a hannu ba a kwana da ido biyu rufe a kansa.

Na san yawancin gidajen da ƙarfinka zai kai suna unguwannin awon igiya, inda babu shaidar mallaka sai takardar ciniki mai hatimin mai unguwa. Ba na ce ka guje su ba, jama'a da yawa a irinsu suke zaune lafiya. Amma ka san abin da ka saya. Hatimin mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba izinin gwamnati ba ne. Ka je wurinsa da ƙafarka, ka kai gaisuwa wurin dagaci, ka nemi tsofaffin takardun tun daga mai gonar da aka yanka. Ka tara maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya nuna iyakarsa a gaban shaidu. Da zarar ka shiga, ka fara neman takardar gwamnati da sunanka, kada ka bari sai 'ya'yanka.

Gidan gado kuwa shi ya fi kowanne bukatar haƙuri, kuma shi ne ake yawan karya wa farashi. Araha ba ta ado. Babban wa zai zo maka da fara'a ya ce duk ƙannensa sun wakilta shi. Wataƙila gaskiya ya faɗa, amma kai ba za ka dogara da wannan ba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu. Ka san adadin magada, maza da mata, har da matan mamacin da 'yar da ke aure a wani gari da ɗan da ke ci-rani. Kowane baligi ya sa hannu da kansa, marayun da ba su balaga ba kuma sai da izinin alƙali. Idan kason mutum ɗaya za ka saya a gidan da ba a raba ba, ka sani a mazhabarmu ta Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Wannan ba tsoron kotu kaɗai ba ne, ɗana. Ba na so ka yi sujada shekara da shekaru a ɗakin da wata marainiya take kuka a kansa.

Idan komai ya fito fes, sai biya. Kada ka ba da kafin alƙalami kafin bincike, komai yadda dillali ya rantse cewa wani Alhaji yana tafe da kuɗi gobe. In gidan rabonka ne zai jira ka mako biyu. In dole sai an ajiye wani abu, ya zama kaɗan, a rubuta cewa za a dawo maka da shi idan takarda ta nuna matsala. Ka biya ta banki, cikin asusun mai gidan da sunansa, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan abin da ya wuce naira miliyan 5 hannu da hannu. Ranar da kuɗi ya fita, ranar za ka karɓi takardun asali da makullai, a sa hannu a yarjejeniyar da lauya ya tsara, da shaidunka da nasa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, don haka kada kunyar wani ta hana ka cewa a rubuta. Ka tabbatar an biya bashin wuta da na ruwa, domin mita ba ta san an canza mai gida ba. Idan akwai 'yan haya a ciki, a daidaita ranar tashinsu tun kafin ka biya. Mai biyan shekara yawanci wa'adin wata 6 doka ta ba shi, kuma ka san ɗacin a tashe ka ba shiri, kada ka ɗanɗana wa wani.

Saura magana ɗaya, wadda maza da yawa ba sa son ji. Idan mai ɗakinka ta sayar da gwal ɗinta, ko ta kawo kuɗin adashinta ko na gadonta ta ƙara maka, ku zauna ku fayyace: kyauta ce, rance ne, ko tarayya. In rance ne a rubuta, in tarayya ce sunanta da kasonta su shiga takarda. Yau kuna zaune lafiya, amma rai ba a hannunmu yake ba, kuma ranar rabon gado abin da aka rubuta shi alƙali zai duba. Haka za ka yi da duk ɗan'uwan da ya sa maka hannu.

Ka yi istihara, ka nemi albarkar mahaifiyarka. Duk gidan da ya kwanta maka, kada ka fitar da ko kwabo sai ka kawo mini kwafin takardunsa mun je wurin lauya tare. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari.