Idan Ƙafa Ta Kafe a Bakin Ƙofa

A shekarar 2010, likitan ƙwaƙwalwa Bastiaan Bloem na birnin Nijmegen a ƙasar Holan ya fitar da labarin wani mutum ɗan shekara 58 mai fama da cutar Parkinson. Da ya miƙe zai yi tafiya, sai ƙafafunsa su manne da ƙasa, ya yi ta jan su har ya faɗi. Amma da aka ɗora shi a kan keke, sai ga shi yana tuƙi lafiya lau. Yana sauka, ƙafa ta sake kafewa.

Ƙarfin ƙafa dai yana nan. Matsalar tana cikin kai.

Mai lafiya ba ya tunanin yadda zai ɗaga ƙafa. Wasu cibiyoyi da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa ne ke gudanar da tafiya da kansu, da taimakon sinadarin dofamin, wanda cutar ke kashe ƙwayoyin da ke samar da shi. Idan ya ragu, sai sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai tunani da lura, ya ɗauki nauyin kowane taku. Shi kuwa yana da nasa aikin. Da an zo juyawa, ko ƙunƙuntar ƙofa, ko wani ya jefo tambaya, ko fargaba ta taso, sai kaya su yi masa yawa. A Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Simon Lewis da abokan aikinsa sun kwantar da marasa lafiya a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suna taka feda kamar masu ratsa wani lungu da ake nuna musu a allo. A daidai lokacin kafewar, an ga sadarwa tsakanin sashen tunani da cibiyoyin motsi ta yanke. Akwai kuma wata 'yar cibiya mai aikin birki, wadda ke danne motsi fiye da kima. Yawanci abin daƙiƙoƙi ne, amma sun isa su kayar da dattijo.

Abin takaici, a gida akan ɗauka taurin kai ne ko sammu, a kama hannu a ja. Jan nan shi ke kawo faɗuwa, tsawa kuma ƙara kafewa take yi.

Abin da ya dace, mara lafiya ya daina kokawa da ƙafar. Ya tsaya cak, ya miƙe sosai, ya numfasa, ya mayar da nauyinsa kan ƙafa ɗaya, sannan ya ɗaga ɗayar da babban taku. Ɗansa na iya tsayawa a gefe ya ce, "Baba, a hankali, ɗaya, biyu." Ƙidaya, ko tafi, ko layukan da aka zana a ƙasa don ya riƙa tsallakewa, duk suna bi ta wata hanyar ƙwaƙwalwa da cutar ba ta lalata sosai ba. Wajen juyawa ya yi faɗin kewaye, kada ya murɗa a wuri guda. A kwashe takalma da tabarmi daga bakin ƙofa, a bar hira sai ya zauna. Likitocin gashin ƙashi suna koyar da waɗannan dabaru.

Sai batun magani. Sau da yawa kafewar tana zuwa ne idan ƙarfin maganin levodopa ya fara sauka, don haka a rubuta lokacin da take faruwa a kai wa likita. Nama, wake da madara suna rage shigar maganin jiki, shi ya sa ake son a sha shi kamar minti 30 kafin abinci. Kada a daina shi farat ɗaya, kuma a guji magungunan metoclopramide da haloperidol, domin suna tsananta cutar.

Idan kuwa kafewa da yawan faɗuwa ta baya suka bayyana tun farkon ciwo, ko suka zo tare da mantuwa da kasa riƙe fitsari, a gaggauta ganin likitan ƙwaƙwalwa. Wataƙila wata cuta ce daban, kamar taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda akan yi wa aiki a samu sauƙi.