Siriri Daban, Ramamme Daban: Wace Kalma Za Ka Ɗauka a Turanci?

Bahaushe ba ya haɗa siriri da ramamme. Siriri haka Allah ya yi shi, ko zai tashi da malmala biyar ba zai ƙara ba. Ramamme kuwa da yana da jikinsa, ciwo ne ko yunwa ko damuwa ta zabge shi. Turanci ma ya raba su, sai dai ɗalibanmu da yawa sun riƙe slim da thin kawai, suna cusa su ko'ina. To kafin ka ɗauki kalma, tambayi kanka: halitta ce ko rama?

In halitta ce kuma yabo kake nufi, slim da slender sun wadatar. Lean ta mai ƙarfi ce marar kitse, irin 'yan tseren Kenya da Habasha. A nan akwai tarko. A bakin titi za ka ji an ce "you have leaned", wai ka rame, abin da aka kwaso daga Turancin buroka. A daidaitaccen Turanci, in lean ta zo a matsayin aikatau, jingina take nufi ko karkata, kuma mai duba takardar WAEC ba zai ɗaga maka ƙafa ba. Ka ce "you have lost weight".

Skinny da bony da scrawny ba na gaban mutum ba ne. Ta farkon tana wucewa tsakanin abokan wasa, amma scrawny ta fi dacewa da kazar da ba ta samun tsaba, kuma in ka jefi surukarka da ita, kai ka jiyo.

Inda aka fi buƙatar natsuwa shi ne rama mai tsanani. Gaunt fuska take kallo: kumatu sun faɗa, idanu sun zurma, kamar yadda ake ganin wanda ya daɗe a kwance ko ya sha zaman makoki. Emaciated ta fi ta nauyi, domin jiki duka take nufi, haƙarƙari a waje, sai ƙashi da fata. Ba a faɗa wa wanda azumi ya ɗan taɓa. Ta mutanen da yunwa ta ci ce, ko wanda tarin fuka ya cinye. Skeletal ita ce ƙarshe, mutum ya koma ƙwarangwal. A ganina duk wanda ya sa ɗaya daga cikinsu a kan ƙaramar rama ya zubar da ƙarfin rubutunsa, don ba shi da sauran abin faɗa ranar da ya ga ta gaske.

Ma'aikatan lafiya kuwa da awo suke magana. Underweight ga babba na nufin ma'aunin BMI ya gaza 18.5. Wasting nauyin yaro ne ya gaza abin da ya dace da tsawonsa, stunting kuma tsawonsa ne ya gaza na shekarunsa, kuma haɗa su a rahoto kuskure ne babba. Yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba yana cikin tamowa mai tsanani, asibiti za a nufa da shi.

A kiyayi anorexic. Wannan sunan mai wata cuta ne, wadda ke sa mutum ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba, ba laƙabin kowace siririyar budurwa ba. Ko slim ɗin da muke ganin yabo ce, a Uganda cikin shekarun 1980 da ita ake kiran cutar da mu muka sa wa suna ƙanjamau.

In kalma ta shige maka duhu, tsaya a kan thin, ba ta yabo ba ta zagi. In kuma marar lafiya ka je dubawa, bar zancen jikinsa gaba ɗaya, ka yi masa sannu da addu'ar samun sauƙi.