Tsiro a Cikin Zuciyar Tsoho

Maigida, in tsohonka ko tsohuwarka ta fara haki daga ɗaki zuwa bakin rijiya, kada ka ce tsufa ne kawai. Galibi hawan jini ne ya gajiyar da zuciya. Amma akwai wata cuta da ba safai akan gamu da ita ba, ya kamata ka san labarinta.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. Wani lokaci tsoka mai laushi takan tsiro a ɗakin sama na hagu, ta yi girman goro ko na ƙwan kaza, tana reto a jikin siririyar jijiya. Likitoci suna kiranta mikzoma. Ba ciwon daji ba ce. Ta fi kama mata, musamman waɗanda suka manyanta.

Ga ɓarnar da take yi. In ta reto ta toshe ƙofar da jini yake bi, sai mutum ya yi haki, ko jiri ya ɗebe shi ya faɗi, in ya sake kwanciya kuma ya ji dama. Wani yakan rame, da zazzaɓin da maganin cizon sauro ba ya saukarwa. Mafi muni, ɗan gutsure yakan ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Nan ne mutanenmu sukan ce iska ta taɓa shi, a yi ta turare har kwana uku. Kwanakin nan asara ne. A ɗauke shi zuwa asibiti ran nan.

Ƙaho da tsaga da sakiya ba su kai inda tsiron yake. Mu ma a ɗakin magani ba mu iya ganinsa. Namu mu auna jini, mu saurari ƙirji, mu ba ka takarda zuwa Babban Asibitin Mashi. Daga can a tura ku Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake ɗora na'ura a ƙirji a ga zuciya tana bugawa. Ba zafi, ba allura.

Maganinsa fiɗa ce. Tun 1954 wani likita, Clarence Crafoord, ya cire irinsa a ƙasar Suwidin, matar kuwa ta rayu shekaru masu yawa. Da wuya ya sake tsirowa.

In za ku tafi, ku riƙe katin asibiti da duk magungunan da yake sha.