Kiwon Kifi A Gida: Yadda Ake Yi Wa Kwami Mafitar Ruwa

Darasinmu na yau a kan kiwon kifi ne a cikin gida. A ƙasashen Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba mu da kogin da ke gudana shekara duka. Gulbin Kaba ya daɗe da zama fadamar goriba. Gulbin Maraɗi kuma, wanda ya ratsa Tibiri da Gidan Rumji, sai da damina yake kawo ruwa, kuma ruwan nasa ya ragu tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina. Ɗanyen kifi sai an kawo mana daga tabkin Madarumfa ko daga nesa, shi ya sa yake da tsada. Alhali kuwa kifi abinci ne mai gina jiki, musamman ga yara da mata masu ciki da masu goyo. Ba mu manta da shekarar 2005 ba, lokacin da tamowa ta kama yara masu yawa a jihar Maraɗi.

Mai rijiya ko famfo kusa da gida yana iya gina kwamin siminti ya kiwata tarwaɗa. Tarwaɗa ta fi karfasa haƙuri, domin tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska. Amma haƙurin nata yana da iyaka, kuma yawancin asarar da masu kiwo ke yi daga ruwa take fitowa. Don haka za mu koyi haɗa mafitar ruwa da bututu biyu.

Me ya sa ake bukatar mafita?

Kifi yana ci a cikin ruwa, yana kashi a cikinsa. Kashin da ragowar abinci suna nutsewa ƙasa su ruɓe. Daga jikin kifin da wannan ruɓa ake samun wata guba da ake kira amoniya, wadda ke ƙona gaɓoɓin da kifi yake numfashi da su. Alamarta ita ce ruwa ya yi wari, kifi ya ƙi cin abinci, ya riƙa tsayawa a sama yana rataye kamar marar lafiya. Mai ɗibar ruwa da bokiti daga sama yana wahalar banza ne, domin ruwa mai dama-dama yake zubarwa, dauɗar kuwa tana nan kwance a gindi.

Akwai kuma batun cika. Ruwan sama na milimita 50 yana ƙara wa kwami tsawon santimita 5. A watan Agusta ana iya samun irin wannan ruwa a jere. Idan ruwa ya kusa baki, tarwaɗa takan yi tsalle ta fita da dare, ta ja ciki a ƙasa, da safe a tarar da ita a mace ko kyanwa ta riga mai ita.

Girman kwami da kayan aiki

Mu ɗauki kwami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Ba a cika shi har baki. Ruwa zai tsaya a santimita 80, a bar santimita 20 a sama. Wannan ruwan lita 1,600 ne, wato jarka 64 ta lita 25. Ga mai fara kiwo, ƴaƴan tarwaɗa 50 zuwa 60 sun isa. Kwaɗayin zuba da yawa shi ke kashe na farko da na ƙarshe.

Ana bukatar bututun roba irin na masu gyaran famfo, iri biyu: siriri mai faɗin santimita 5, da babba mai faɗin santimita 10. Sai gwiwar bututu guda ɗaya daidai da siririn, da zarto, da guntun raga, da robar tsohuwar tayar keke. Duk ana samunsu a kasuwar Maraɗi da manyan kasuwanninmu.

Aikin magini

Tun kafin a zuba daɓe ake fara aikin mafita. A gaya wa magini ya karkata daɓen zuwa kusurwa ɗaya, gangaren santimita 2 ko 3 a kowace mita, domin dauɗa ta riƙa gangarawa can. A wannan kusurwa zai binne gwiwar, bakinta ɗaya yana kallon sama daidai da daɓe, ɗayan kuma an haɗa shi da siririn bututu wanda ya bi ta ƙarƙashin bango ya fita waje. A cika gefensa da siminti mai ƙarfi, domin nan ne yoyo ya fi farawa.

Sabon siminti yana da kaifin da ke kashe kifi. A cika kwamin da ruwa, a bar shi ya jiƙa kamar mako biyu, ana canja ruwan ana goge bango, kafin a sa kifi ko ɗaya.

Bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya

A yanka siririn bututu yadda in an soka shi a bakin gwiwar zai tashi santimita 80 daga daɓe. Shi ne mai iyakance ruwa: duk abin da ya wuce bakinsa zai faɗa ciki ya fita waje. Kada a sa masa gam, domin za a riƙa cire shi. In yana yoyo, a naɗa masa robar taya a gindi, a sake soka shi da ƙarfi.

Sannan a yanka babban bututun santimita 90. A gindinsa a yi tsaga da zarto kewaye da shi, kowace tsaga tsawonta santimita 5, faɗinta kuwa kada ya kai girman kan ƙaramin kifin da ke cikin kwamin. A kifa shi a kan siririn, ya zauna a daɓe kamar riga. A gitta sanda a bakin kwami a ɗaure shi a jikinta, domin manyan tarwaɗa suna da ƙarfin ture shi.

Yanzu mu lura da yadda abin yake aiki, domin wanda ya gane wannan zai iya gyara kowace matsala da kansa. Idan aka ƙara ruwa a kwami, ruwan sama ba shi da hanyar shiga siririn bututu, saboda babban ya fi shi tsawo ya tare hanya. Dole ruwan da zai fita ya shiga ta tsagar gindi, ya hau tsakanin bututun biyu, sannan ya faɗa cikin siririn. Ke nan ruwan ƙasa mai dauɗa ne yake fita, mai kyau ya zauna. Ba inji, ba mai, ba lantarki. Nauyin ruwan kansa ne ke yin aikin.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. A rufe bakin babban bututu da raga kawai, a ɗaure da roba. Kada a toshe shi da leda ko murfi. In iska ba ta shiga ta sama, bututun zai fara zuƙar ruwa kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo, kuma ba zai tsaya ba sai ya kwashe ruwan har ƙasa. Kwami yana iya ƙafewa haka cikin dare guda mai shi yana barci.

Gwaji da canjin ruwa

Kafin a sa kifi, a cika ruwa har ya fara fita, a yi alama da gawayi a bango, a bar shi ya kwana. Zafi da iska suna shan kaɗan. Amma in ya ragu fiye da santimita 2, akwai yoyo, a nemo shi.

Don canjin ruwa, a yanka wani siririn bututu na santimita 60 a ajiye. Ranar canji a zare na 80, a soka na 60 da sauri, babban bututu yana nan a wurinsa yana tare kifi. Ruwa zai sauka santimita 20, wato lita 400, jarka 16, kashi ɗaya cikin huɗu. Sai a mayar da dogon, a zuba sabon ruwa a hankali daga ɗaya gefen. Ƙananan kifi sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe su. In sun girma suna ci da yawa, sai a ƙara, hanci ne zai gaya wa mai kiwo lokaci. Ruwan famfon gari yana ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Jarka ko durom da aka taɓa sa maganin ƙwari ko man fetur kada ya kusanci kwami, ko an wanke shi. Kowace safiya a shafa tsagar gindi da hannu ko da tsintsiya, domin gansakuka tana toshe ta.

Ina ruwan zai tafi?

Wannan tambaya ta shafi lafiyar gida. Ruwan da ya kwanta a bayan kwami gidan sauro ne. A lokacin zafi, ƙwan sauro yana zama sauro mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, kuma mun san abin da zazzaɓin cizon sauro yake yi wa yaranmu. In kuma aka sake shi ta kwata zuwa titi, zai ci gindin katangar ƙasa, ya haɗa mu faɗa da maƙwabta.

A ganinmu zubar da wannan ruwa ɓarna ce, domin taki ne. A haƙa ƙaramar hanya daga bakin bututu zuwa gindin zogale, ko kwamin yakuwa da kuɓewa. A shayar da saiwa, kada a watsa a kan ganyen da ake ci ɗanye kamar salati. Wanda ba shi da fili ya haƙa rami mai zurfin mita 1, nesa da rijiya, ya cika shi da duwatsu da tsakuwa, ruwan ya riƙa nutsewa a ciki. A ɗaura raga a bakin bututun waje don kada kwaɗo ko maciji su shiga.

Kwamin kansa a yi masa rumfa saboda ranar Afrilu da Mayu, a kuma rufe shi da raga mai ƙarfi ko asabari. Ruwa mai zurfin santimita 80 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe, don haka a riƙa ɗaure murfin duk lokacin da babba ba ya wurin.