In Ka Ɗaga Mota, Duba Farfela

Manomi, ka ƙara wa tsohuwar Land Rover ɗinka sifirin don ta iya ramukan hanya daga Arkilla zuwa fadamar Kwalkwalawa? To, da sauran aiki. Farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa ƙafafu, tana nan da tsawonta na da, amma tazarar ta ƙaru.

Gaɓa biyu gare ta masu haƙora, ɗaya cikin ɗaya. In mota ta tashi, gaɓar sai ta zazzago, kamun ya ragu. Ran da taya ta faɗa rami tana iya zarewa, albasarka ta kwana a daji.

Ka sa bakanike ya kafa jak ƙarƙashin shasi, ba aksil ba, har tayoyi su yi reto. Sa'an nan a duba kamun. In ya yi kaɗan, a ƙara wa farfela tsawo. Kada a manta da ta gaba. A farfelar baya, kunnuwan kuros na kai da na gindi su zama layi ɗaya.

Ɗagawar da ta wuce inci 2 tana saurin cinye kuros. Sa giris duk ran da ka ratsa ruwa. In ka ji karkarwa ƙarƙashin kujera, tsaya a duba.